Akwatin Umaru Dikko

Akwai kaya iri guda a duniya da ma'aikacin kwastam ba shi da ikon ya ce a buɗe masa ya gani, ko da ya ji motsi a ciki. Ana kiransa jakar diflomasiyya. Yarjejeniyar Viyana ta 1961, wadda kusan duk ƙasashen duniya suka sa wa hannu, ta faɗa a sashe na 27 cewa ba a buɗe wannan jaka, ba a kuma tsare ta. Ba ta ƙayyade girmanta ba. Tana iya zama ambulan, tana iya zama buhu, tana iya zama akwatin katako da sai an kawo injin ɗaga kaya. An dai ce kada a sa komai ciki sai takardu da kayan aikin hukuma, amma tunda ba mai leƙawa, wannan ya rage tsakanin gwamnati da Ubangijinta. Abin da ake iya dubawa daga waje biyu ne: a ga alama ƙarara a jikin kayan mai nuna ko mene ne, sannan ɗan aiken da ke rakiyarsa ya riƙe takardar hukuma da ta faɗi matsayinsa da yawan ƙunshin da aka danƙa masa.

Gwamnatoci sun daɗe da gane amfanin wannan kafa. A watan Nuwamban 1964 ma'aikatan filin jirgin saman Roma suka ji nishi na fitowa daga wani akwati da ofishin jakadancin Masar zai aika Alƙahira. Da aka buɗe sai ga mutum a ɗaure a kan 'yar kujera da aka ƙera a ciki, an yi masa allura. Wani Ba'isra'ile ne mai suna Mordechai Louk da ya shiga harkar leƙen asiri ta rikice masa. Shekara ashirin bayan haka, ran 17 ga Afrilun 1984, aka yi harbi daga tagar ofishin jakadancin Libiya a Landan, harsashi ya kashe wata 'yar sanda mai suna Yvonne Fletcher. Bayan kwana goma mutanen ofishin suka tattara jakunkunansu suka wuce ta gaban 'yan sandan Ingila, ba wanda ya isa ya taɓa, alhali ana kyautata zaton bindigar na cikin ɗaya daga cikinsu. Abin ya yi wa Turawan Ingila ciwo ƙwarai. Jaridu suka yi ta surutu, majalisa ta ɗauka, duk wani ma'aikacin kwastam ya koma ya sake karanta sashe na 27. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa: kayan da suka zo gabansu bayan mako goma sha ɗaya ba na Libiya ba ne, na Najeriya ne, ƙawarsu ta ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila.

Wanda bai rayu a Jamhuriya ta Biyu ba zai sha wahalar gane girman Alhaji Umaru Dikko. A takarda Ministan Sufuri ne daga 1979 zuwa 1983. A zahiri kuwa shi ne na hannun daman Shugaba Shehu Shagari, shi ne ya ja ragamar yaƙin neman zaɓen da ya mayar da Shagari mulki a 1983 ƙarƙashin jam'iyyar NPN. Mutumin Zariya ne, ya yi karatun lissafi a Landan, ya taɓa aiki a Sashen Hausa na BBC, ga shi da baki, ba ya shakkar kowa. Amma abin da ya manna sunansa a bakin talaka shinkafa ce. Shagari ya ba shi shugabancin kwamitin da ke kula da shigo da shinkafa daga waje, a daidai lokacin da farashin man fetur ya faɗi, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, mutane na bin layin madara da sukari da sabulu. A irin wannan hali, takardar izinin shigo da shinkafa kuɗi ce tsaba. Wanda ya samu ba sai ya ga ko ƙwaya ɗaya ba, ya sayar da takardar kawai ya gama. Jama'a suka yi imani cewa ta wannan hanya ake ciyar da jam'iyya da 'yan gaban goshinta, kuma duk wanda ya sayi mudu da tsada ya san sunan da zai ambata.

Ran 31 ga Disamba 1983 soja suka kifar da gwamnati. Manjo Janar Muhammadu Buhari ya zama shugaban ƙasa, Tunde Idiagbon na biye masa. Aka yi wa Shagari ɗaurin talala, aka kai mataimakinsa Alex Ekwueme gidan yarin Kirikiri, aka kafa kotunan soja ƙarƙashin doka mai lamba 3 don ƙwato dukiyar jama'a, dokar da mafi ƙarancin ɗaurinta shekara 21 ne. Tsofaffin gwamnoni irin su Abubakar Rimi da Sabo Bakin Zuwo duk sun ɗanɗana. Dikko kuwa ya sulale ya bar ƙasar, sai jin muryarsa aka yi daga Landan yana caccakar sabuwar gwamnati, yana cewa zai yaƙe ta. Sunansa ne a sahun gaba cikin waɗanda ake nema. Kuɗin da aka ce ya kwashe kullum ƙaruwa suke yi gwargwadon bakin mai faɗa, daga dala biliyan ɗaya har zuwa biyar da ɗoriya. Shi kuma har ya koma ga Allah yana cewa ƙage ne.

Ranar Alhamis 5 ga Yulin 1984, wajen tsakar rana, ya fito daga gidansa da ke layin Porchester Terrace a unguwar Bayswater. Bai yi nisa ba wasu mutane suka cafke shi suka tura cikin wata motar ɗaukar kaya mai ruwan ɗorawa. Abin bai ɗauki minti ɗaya ba, kuma da an dace da ba wanda ya gani. Sai dai sakatariyarsa, wata Baturiya, tana bakin taga. Nan take ta buga wa 'yan sanda waya, su kuma suka aika sanarwa ga duk tashoshin jiragen ruwa da na sama na ƙasar cewa an sace wani ɗan Najeriya, a sa ido.

Da yamma aka kawo manyan akwatunan katako biyu ɓangaren kaya na filin jirgin Stansted, can arewa maso gabas da Landan, wanda a lokacin ƙaramin fili ne marar cunkoso. Da ma wani jirgin kaya na Nigeria Airways, ƙirar Boeing 707, yana ajiye yana jira, ya taso daga Legas ba kaya. A jikin akwatunan an rubuta adireshin Ma'aikatar Harkokin Waje, Legas. Akwai jami'in ofishin jakadancin Najeriya a wurin, aka ce wa kwastam kayan diflomasiyya ne. Wani matashin jami'i da ya riga ya karanta sanarwar 'yan sanda ya dubi akwatunan ta taga, ya ga girmansu ya isa mutum. Bai da ikon ya buɗe don zato. Sai ya bi doka layi layi. Ina alamar da ta ce jakar diflomasiyya ce? Adireshin ma'aikata daban, alama daban. Ina takardar ɗan aike? Babu. Aka tuntuɓi Ma'aikatar Harkokin Wajen Birtaniya, aka tabbatar cewa kayan da bai cika waɗannan sharuɗɗa ba kaya ne kamar na kowa. 'Yan sanda suka iso, aka tare jirgin, aka ɓalle murfi a gaban jami'in Najeriya.

A akwatin farko, wanda tsawonsa bai wuce mita ɗaya da rabi ba, ga tsohon minista a dunƙule, ba riga, an sa masa mari a ƙafa, ya yi amai, bai san inda kansa yake ba. An zura masa bututu a maƙogwaro don kada aman ya shaƙe shi. A gefensa, a cikin akwatin, wani mutum na tsugune da allurai da magunguna. Wannan shi ne Dakta Lev-Arie Shapiro, babban likitan sa barci a wani asibiti a Isra'ila, irin wanda ke tsayawa a kan mara lafiya a ɗakin tiyata yana lura da numfashinsa. Aikinsa shi ne ya riƙe Dikko tsakanin barci da mutuwa na tsawon tafiyar awa shida zuwa Legas, a cikin duhu, a cikin kayan jirgi. A akwati na biyu aka sami wasu Isra'ilawa biyu, Alexander Barak da Felix Abithol, lafiyarsu ƙalau, suna jiran a loda su. An kama mutum 17 a ranar, aka saki mafi yawansu, aka riƙe waɗannan uku da wani ɗan Najeriya, Manjo Mohammed Yusufu, wanda aka danganta da hukumar tsaron ƙasa ta lokacin, NSO. Dikko bai farfaɗo ba sai da ya kwana ya yini a asibiti.

Duk wanda ya tsara wannan aiki ba ɗan koyo ba ne. An gano gidan mutum, an san lokacin fitarsa, an tanadi mota, an ƙera akwatuna, an samo ƙwararren likita daga wata ƙasa, an turo jirgi sukutum. Amma aka rasa takarda guda da ɗan magatakarda zai iya bugawa cikin kwata ɗin awa. Akwai masu ganin sakaci ne irin namu na yau da kullum. Ni na fi karkata ga wata fassarar: takardar ɗan aike sai da sa hannu da hatimi, wanda kuwa ya sa hannu ya ɗauki alhakin abin da ke ciki. Aikin ɓoye na gwamnati yana son a yi shi da ikon hukuma amma kada a ga tawadar hukuma a ko'ina, wannan akwati kuma ba ya wucewa sai da tawadar.

Gwamnatin Najeriya ta ce ba ta da hannu. Isra'ila ma ta ce ba ruwanta. Amma kafin gari ya waye an juyo da wani jirgin British Caledonian da ya riga ya tashi daga Legas da fasinjoji sama da 200, aka riƙe shi har sai da Ingila ta saki jirgin Nigeria Airways da ma'aikatansa. Birtaniya ta kori jami'an jakadancin Najeriya biyu, ta kuma ce bai dace jakada Manjo Janar Hananiya ya dawo bakin aiki ba. Najeriya ta rama da korar Turawa biyu, ta ce su ma su janye jakadansu. Ministan harkokin waje da wannan rikici ya faɗo wa a ka shi ne Ibrahim Gambari, wanda bayan shekara 36 ya zama shugaban ma'aikatan fadar Buhari. Sai a 1986 aka sake musayar jakadu. A tsakani kuma wata kotu a Legas ta ɗaure wasu injiniyoyin jirgi biyu 'yan Birtaniya shekara 14 kan wata tuhuma ta daban, ta taimaka wa satar jirgi, kuma a Landan ba wanda ya ɗauki wannan adadi a matsayin katari, don daidai yake da hukuncin da aka yanke wa Barak. An sake su a 1986.

A gida kuwa ba lokacin tambaya ba ne. A makon da aka buɗe akwatin ne kotun soja ta ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda ƙarƙashin doka mai lamba 4, saboda labarin da suka buga kan naɗin jakadu. Wanda ya ga haka ba zai aika wakili ya binciko wa ya ba jirgin gwamnati izinin tashi ba kaya zuwa Ingila ba. Gaskiya kuma ita ce mutane da yawa ba su ga laifin abin ba. Haushinsu kawai shi ne da ba a yi nasara ba.

Shari'ar da aka yi a kotun Old Bailey a watan Fabrairun 1985 ita ce ta kamata ta warware komai, ita ce kuma ta binne komai. Manjo Yusufu ya fara da cewa yana da rigar kariya ta diflomasiyya, kotu ta ce ba a taɓa karɓarsa a matsayin jami'in jakadanci a Birtaniya ba. Daga nan duk su huɗun suka amsa laifi. Barak ya sami shekara 14, Yusufu 12, likita da Abithol goma goma. A tsarin shari'ar Ingila, wanda Najeriya ta gada, idan wanda ake tuhuma ya ce ya yi, an gama. Ba a kiran shaidu, ba a yi wa kowa tambayoyin ƙure, ba a baje takardun banki a gaban alƙali. Saboda haka ba wanda aka tsayar aka ce masa: wa ya biya kuɗin haya, wa ya sayi katako, wa ya kira Nigeria Airways? Labarin da ɓangaren waɗanda ake tuhuma ya bayar shi ne wasu 'yan kasuwan Najeriya ne suka ɗauke su aiki. Ba a ga ɗan kasuwa ko ɗaya a kotu ba. Kowannensu ya yi zamansa a gidan yari, aka sake su kafin cikar wa'adi, aka mayar da kowa ƙasarsa.

Batun Isra'ila ya fi ɗaure kai, domin a 1984 ba ta da hulɗar jakadanci da Najeriya. An yanke tun Oktoban 1973, lokacin yaƙinta da Masar da Siriya, ba a maido ba sai 1992. Sai dai yanke hulɗa bai hana kamfanonin gine-gine na Isra'ila ci gaba da cin kwangila a Najeriya ba, kuma Isra'ila na ɗokin komawa Afirka ta kowace ƙofa. Masu cewa aikin hukumar leƙen asirinta ne, Mossad, suna nuni da salon: a 1960 haka aka ɗauko tsohon jami'in Nazi Adolf Eichmann daga Ajantina, likita ya yi masa allura aka shigar da shi jirgin El Al. Marubuci Gordon Thomas ya ba da labarin Dikko a littafinsa kan Mossad a matsayin aikin hukumar kai tsaye, ko da yake littafin ya sha suka kan yawan ƙarin gishiri. Masu musu kuma suna cewa hukumar da ta yi aikin Eichmann ba za ta manta da takarda ba, ba kuma za ta cusa mutanenta cikin akwati su jira a kama su ba. A ganinsu sojojin haya ne da suka taɓa aikin tsaro, suka ga kasuwa. Kowane ɓangare na da abin kamawa. Abin da ban iya haɗiyewa shi ne a ce babban likita mai matsayi da iyali ya yarda ya shiga akwatin katako a ƙasar wasu don kuɗin 'yan kasuwan da bai sani ba. Wani ya gaya masa wata magana da ta fi kuɗi nauyi, ko gaskiya ce ko ƙarya.

Da a ce akwatin ya wuce, mai yiwuwa da an wayi gari an ga Dikko a talabijin a Legas, an ce ya dawo da kansa ko an kama shi a kan iyaka. Mai yiwuwa kuma da likita ya buɗe ido a filin jirgin Ikeja ya tarar numfashi ya tsaya, a nemi inda za a kai gawa. Duniya ta san irin wannan ƙarshen. Mehdi Ben Barka, ɗan adawar Maroko, an ɗauke shi a titin Paris da rana tsaka ran 29 ga Oktoban 1965, har yau ba a ga ko ƙashinsa ba. Ɗan jarida Jamal Khashoggi ya shiga ƙaramin ofishin jakadancin Saudiyya a Istanbul ran 2 ga Oktoban 2018 bai fito ba. Najeriya ma ba ta bar sana'ar ba. A Yunin 2021 aka ga jagoran 'yan aware Nnamdi Kanu a kotu a Abuja bayan ya ɓace a Kenya, kuma Kotun Ƙoli, a hukuncinta na Disamban 2023, ta ce hanyar da aka bi aka kawo shi ta saɓa doka, ko da yake ta bar shari'arsa ta ci gaba.

Asarar da ba a cika lissafawa ba a lamarin Dikko ita ce ta shinkafa. Bayan duk wannan abin kunya ne gwamnatin soja ta aika wa Birtaniya takardar neman a miƙo shi ta hanyar doka, wadda ita ce ya kamata a fara bi. Ba ta samu ba, kuma ba abin mamaki ba ne: wace gwamnati za ta miƙa mutumin da aka tsamo daga akwati ga waɗanda adireshinsu ke jikin akwatin, su kai shi kotun soja? Daga ranar 5 ga Yuli Dikko ya tashi daga wanda ake zargi ya koma wanda aka zalunta, kuma da gaske an zalunce shi. Idan ya ci kuɗin, akwatin ne ya kuɓutar da shi. Idan bai ci ba, akwatin ne ya hana shi wurin da zai wanke sunansa. Talakan da ya bi layin shinkafa a 1983 bai sami ko ɗaya ba, ba kuɗi, ba bayani. Ran 27 ga Agustan 1985 Janar Ibrahim Babangida ya kawar da gwamnatin Buhari, a 1986 ya rushe NSO ya raba ta gida uku, SSS da NIA da DIA. Najeriya ta sami dokar 'yancin samun bayanai a 2011, amma dokar sirrin gwamnati ta 1962 na nan ba a soke ta ba, kuma ba wata gwamnati, ta soja ko ta farar hula, da ta fito a hukumance ta ce ga wanda ya ba da umarnin.

Dikko ya yi zamansa a Ingila, ya koma makaranta ya karanta lauya. A zamanin Janar Sani Abacha ya dawo gida ta ƙofar filin jirgi kamar kowa, ya zauna cikin wakilan taron tsara kundin mulki na 1994 zuwa 1995 ana damawa da shi. A 2013 jam'iyyar PDP mai mulki a lokacin ta naɗa shi shugaban kwamitinta na ladabtarwa. Ya rasu a Landan ran 1 ga Yulin 2014 yana da shekara 77, Allah ya jiƙansa, bai taɓa tsayawa gaban wani alƙali, a Najeriya ko a Ingila, an tambaye shi lissafin ko buhu ɗaya ba.